Rajistar haihuwa a Gundumar Leslie ta jihar Kentucky

Rajistar haihuwa a Gundumar Leslie ta haɗa takardun shaidar haihuwa da hukuma ke bayarwa a yau da kuma tsoffin rubuce-rubucen da ake dogara da su wajen gano ranar haihuwar mutanen yankin tun kafin hukuma ta riƙe aikin da kyau. Leslie na kudu maso gabashin jihar Kentucky ta Amurka, cikin tsaunukan Appalachia, ɗaya ce daga gundumomi 120 na jihar. Matsayin gunduma a can ya yi kusa da na ƙaramar hukuma. Hedikwatarta Hyden, kuma ƙidayar 2020 ta sami mutum 10,513 a cikinta.

Wanda ya nufi ginin kotun Hyden don karɓo takardar haihuwa zai dawo hannu Rabbana. Shekarar haihuwa ce ke nuna inda za a nema. Daga 1911 zuwa yau komai na Frankfort, babban birnin jihar. Kafin 1878 sai a duba ƙarƙashin gundumomin Clay, Harlan da Perry. Shekarun da ke tsakani kuwa galibi giɓi ne, sai an yi kame-kame.

Dokar 1852

Kentucky na cikin jihohin da suka fara gwada rajistar haihuwa da wuri. A 1852 majalisar jihar ta zartar da dokar da aka fi sani da sunan Dakta William L. Sutton na garin Georgetown, shugaban farko na ƙungiyar likitocin jihar, wanda ya yi ta fafutukar ganin an yi ta. Dokar ta ɗora aikin a wuyan malaman haraji. Sau ɗaya a shekara, idan malamin haraji ya zo ƙiyasta gona da dabbobi, sai ya tambayi maigida ko an yi haihuwa, aure ko rasuwa a gidan cikin shekarar da ta wuce. Jerin da ya tattara ya bi ta hannun magatakardan gunduma, kwafi kuma ya tafi Frankfort.

Kowane layi na jerin na ɗauke da ranar haihuwa, sunan jariri, namiji ne ko mace, an haife shi da rai ko babu rai, wurin haihuwa, sunan uba, sunan uwa na gidan ubanta, launin fata da mazaunin iyaye. Idan ɗan baiwa ne, sunan ubangidan ake rubutawa a gurbin sunan uba. Ana cin karo da irin waɗannan layuka a jerin Clay, inda aka yi amfani da bayi a wuraren dafa gishiri na Goose Creek.

Yadda aka tattara bayanan shi ne tushen kurakuransu. Maigida da ka yake faɗin ranar, bayan wata takwas ko goma, don haka saɓanin kwanaki ko ma wata guda tsakanin jerin da abin da iyali suka rubuta ba abin mamaki ba ne. Jarirai da yawa sun shiga ba suna, domin ba a raɗa musu ba tukuna. Gidan da ke can ƙuryar kwazazzabo, wanda malamin haraji ya ga hawa zuwa gare shi wahala ce, sau da yawa bai shiga ba sam. An soke dokar a 1862, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. An farfaɗo da ita wajen 1874, ta yi 'yan shekaru ta sake mutuwa kusan 1879.

Abin da ya ceci waɗannan jerin shi ne kwafin Frankfort. An ƙona gine-ginen kotu 22 a Kentucky lokacin yaƙin, har da na Harlan a 1863. Abin da ya tsira yana Sashen Ɗakunan Karatu da Adana Tarihi na jihar a Frankfort, an ɗauki hotonsa a maikurofim (fim mai ƙananan hotunan takardu), kuma ana samun hotunansa a shafukan intanet na binciken asalin iyali, FamilySearch da Ancestry. Shekarun ba su cika ba ga kowace gunduma.

Kafa gundumar da giɓin da ya biyo baya

An yanko Leslie a 1878 daga Clay, Harlan da Perry, aka ba ta sunan Preston H. Leslie, tsohon gwamnan jihar. Saboda haka babu wani jerin shekarun 1850 da ke ɗauke da sunan Leslie, ko da takardar mutuwar mutum ta ce a nan aka haife shi. Mai nema sai ya fara sanin bakin wane rafi iyalin suke, Cutshin ne, Greasy ko Beech Fork, domin da rafi mutanen yankin ke faɗin mazauninsu, sannan ya duba wace gunduma ce ke riƙe da wannan rafin a shekarar.

Daga kafa gundumar zuwa ƙarshen 1910 rajistar hukuma jefi-jefi ce. An sake yunƙuri daga shekarun 1890, amma abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ƙidayar ƙasa ita ce madogara ta farko. Ta 1880 ta nuna dangantakar kowa da maigida, ta kuma ba da watan haihuwar jariran da ba su cika shekara ba. Ta 1900 ta fi kowace amfani, domin ta rubuta wata da shekarar haihuwar kowane mutum a gida. Ta 1890 kuwa gobarar da ta tashi a ginin Ma'aikatar Kasuwanci a Washington cikin Janairun 1921 ta lalata ta, kuma wannan rashi ya faɗa daidai kan shekarun da Leslie ba ta da komai nata. Yaron da aka haifa a 1881 ya rasu a 1895 na iya wucewa ba tare da ya bar suna a kowace takardar hukuma ba.

Bayan ƙidaya akwai shafukan tsakiyar Littafi Mai Tsarki na iyali, inda ake rubuta haihuwa da aure da rasuwa. Masu bincike kan duba shekarar da aka buga littafin: idan ta zo bayan haihuwar da aka rubuta, kuma duk layukan da tawada ɗaya da hannu ɗaya ne, to a zama ɗaya aka cike su daga abin da aka tuna. Akwai kuma jerin yaran da suka isa shiga makaranta, katunan rajistar soja na 1917 da 1918, takardun aure da ke ofishin magatakarda a Hyden, da duwatsun kaburbura a maƙabartun iyali da ke kan tuddai. Fasto John J. Dickey ya zaga yankin a ƙarshen shekarun 1890 yana rubuta abin da tsofaffi suka faɗa masa game da asalinsu. Ana amfani da littafin nasa, amma a matsayin abin da baki ya faɗa.

Iyalai da dama masu sunan Sizemore sun cike takardun neman shiga jerin 'yan ƙabilar Cherokee, ɗaya daga ƙabilun asalin Amurka, tsakanin 1906 da 1909. Hukuma ta ƙi amincewa da da'awar, zuriyar kuma har yau suna jayayya a kai. Takardun dai na ɗauke da ranakun haihuwa da sunayen kakanni.

Daga 1911

Dokar da majalisa ta zartar a 1910 ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1911. Ta ɗauke nauyin daga malamin haraji ta ɗora wa wanda ya karɓi haihuwar, likita ko ungozoma, ya cike takarda ya kai wa jami'in rajista na yankinsa. A 1917 Kentucky ta shiga rukunin jihohin da gwamnatin tarayya ta yarda rajistarsu ta kai kashi 90 cikin ɗari. Wannan lissafin jiha ne gaba ɗaya. A Leslie ta wancan lokacin, inda gadon rafi ne hanya, tsofaffin ungozomomin gargajiya ne ke karɓar yawancin haihuwa, da yawansu ba sa karatu ko rubutu. Sai ungozoma ta tara haihuwa da dama a ka, ranar da ta sami wanda zai rubuta mata ta faɗa masa duka. Daga nan ake samun sunan da aka rubuta yadda kunne ya ji, da ranar da ta goce, da takardar da ke cewa "jariri" kawai.

A 1925 Mary Breckinridge ta kafa ƙungiyar da daga 1928 ake kira Frontier Nursing Service, ta kawo nas-nas masu horon ungozomanci, na farko-farko a Birtaniya suka sami horon, suna zuwa gidaje a kan doki. Kafin su fara aiki sai da aka bi gida-gida a gundumar ana ƙirga haihuwa da rasuwa, aka tarar akwai waɗanda ba su taɓa isa hukuma ba. A lokacin kuɗin karɓar haihuwa dala 5 ne, kuma sau da yawa da amfanin gona ko aikin ƙarfi ake biya. Nas-nas ɗin sun riƙe bayanin kowace mai ciki dalla-dalla, har Louis Dublin na kamfanin inshorar Metropolitan Life ya yi nazarin haihuwa 1,000 na farko a 1932. Takardun tarihin ƙungiyar na ɗakin karatu na Jami'ar Kentucky a Lexington.

Yankin aikinsu bai tsaya a iyakar Leslie ba. Cibiyoyin Red Bird, Flat Creek da Brutus na cikin Clay, Bowlingtown kuma na Perry, kafin tafkin Buckhorn ya shanye ta. Haihuwa ana rajistarta ne a gundumar da ta auku, ba inda iyali ke ɗaukar kansu 'yan can ba.

Neman takarda a yau

Ofishin Ƙididdigar Haihuwa da Mutuwa da ke lamba 275 East Main Street a Frankfort ne ke bayar da kwafi mai hatimi. Ana cike fom VS-37, a biya dala 10 kan kowane kwafi, da cek ko takardar kuɗi ta gidan waya da sunan ma'ajin jihar. Ana iya aikawa ta gidan waya, ko a je da kai, ko a bi ta kamfanin VitalChek a intanet da ƙarin caji. Kuɗin na bincike ne, ba a mayarwa ko ba a sami komai ba. Cibiyar lafiya ta Hyden na taimakawa da fom.

Fom ɗin na neman cikakken suna lokacin haihuwa, rana, gunduma, sunan uba da sunan uwa kafin aure. Na ƙarshen nan shi ne mabuɗi, domin a gundumar da iyalai masu sunan Morgan, Lewis, Begley da Napier suka cika, ana iya samun yara masu suna ɗaya a shekara ɗaya. Fihirisar haihuwa ta jihar daga 1911 zuwa 1999 na intanet, tana ba da lambar kundi da lambar takarda. Wanda ya haɗa su da buƙatarsa ya rage wa kansa jira. Idan sunan bai fito ba, a nema da sunan uwa da shekara kawai, sannan a gwada gundumomin maƙwabta. Iyalai da yawa sun yi ƙaura zuwa Ohio da Michigan neman aikin masana'antu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma 'ya'yan da aka haifa a can takardunsu na can.

Takardar ado da asibiti ke bayarwa, mai hoton tafin ƙafar jariri, ba ta da amfani wajen neman fasfo.

Rajistar jinkiri

Bayan dokar fansho ta Social Security ta 1935, da kuma lokacin yaƙi da masana'antun makamai suka riƙa neman shaidar zama ɗan ƙasa, manya da yawa sun tarar ba su da takarda. Sai suka yi rajistar jinkiri, suna kawo shafin Littafi Mai Tsarki, takardar makaranta, bayanin ƙidaya ko rantsuwar wani dattijo da ya shaida haihuwar. Shi ya sa mutumin da aka haifa a 1895 kan iya samun takarda a Frankfort mai kwanan watan shekarun 1940. Ƙarfinta daidai yake da ƙarfin hujjojin da aka jera a jikinta.

Wajen fasfo, Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka na kallon duk takardar da aka shigar bayan shekara guda da haihuwa a matsayin ta jinkiri, tana kuma son ta nuna hujjojin da aka dogara da su. Wanda ba shi da rajista ko kaɗan zai karɓo wasiƙar jiha mai cewa ba a sami komai ba, ya haɗa da takardun shekarunsa biyar na farko, da rantsuwar wani babba a dangi a kan fom DS-10.

Gyara da riƙo

Gyaran suna ko rana ta ofishin Frankfort ake yi, da rantsuwa da hujja. Babban canji sai da umarnin kotu. Yaron da aka ɗauka riƙo ta hanyar kotu ana yi masa sabuwar takarda da sunayen mariƙansa, a rufe ta asalin.