Ma'anar 147 a wasan sunuka, da ranar da gwani ya ƙi bai wa 'yan kallo ita

In kana bin wasan sunuka a waya ko a talabijin, ba za ka daɗe ba sai ka ji masu sharhi sun sassauta murya suna ambaton 147. Lamba ce, amma a wajen masu wannan wasa ta zama suna. Kamar yadda ɗan ƙwallon ƙafa ke ji da cin uku rigis, haka ɗan sunuka ke ji da ita, sai dai ita ta fi wuyar samu nesa ba kusa ba. Akwai ƙwararrun da suka kwashe shekara da shekaru suna riƙe da sanda, har suka ajiye ta ba su taɓa yin 147 a gasa ba.

Sunukar da ake nufi a nan ba ita ce wadda muke gani a bakin titi ko a ƙarƙashin rumfa a unguwanninmu ba. Waccan mai ƙwallaye masu lamba, wasu masu zane wasu marasa zane, wani wasa ne daban da ake kira pul, mu ne dai muka haɗa su muka ba su suna ɗaya. Teburin sunuka na gasa tsawonsa ƙafa 12 ne, faɗinsa ƙafa 6, bakunan ramukansa kuma a tsuke suke. A kansa ana jera jajayen ƙwallaye 15, da masu launi shida, sai farar da ake buguwa da sanda.

Kowace ja maki 1 ce. Rawaya 2, koriya 3, mai ruwan ƙasa 4, shuɗiya 5, mai ruwan hoda 6, baƙa 7. Doka ta ce ka jefa ja, sannan ka zaɓi mai launi ɗaya ka jefa, sannan ka koma kan ja. Ja in ta faɗa rami ta tafi ke nan, amma mai launi alƙalin wasa zai ciro ta ya mayar da ita gurbinta muddin da sauran ja a tebur. Idan jajayen suka ƙare sai a share masu launi daga rawaya zuwa baƙa. To, wanda duk ja da ya jefa ya bi ta da baƙa, ya tara 8 sau 15, wato 120. Ya ƙara da 27 na masu launi. Shi ne 147: bugu 36 a jere, a tsayuwa ɗaya, ba kuskure ko ɗaya, abokin karawa na zaune a kujera yana kallo kamar kowa.

Jefa ƙwallo a rami ba shi ne wahalar ba, kowane ƙwararre ya iya. Wahalar tana wajen farar. Baƙa tana zaune ne a can ƙarshen tebur, bayan tarin jajaye, don haka bayan kowane bugu dole farar ta dawo ta tsaya inda za ta ga baƙa, kuma ta gan ta ta kusurwar da za ta ba ta hanyar zuwa ja ta gaba. Ka lura da ɗan wasa ya goga alli a bakin sanda, ya sunkuya har haɓarsa ta taɓa sandar, ya bugi farar a ƙasa-ƙasa don ta ja da baya taƙi ɗaya ta tsaya cak. In ta zarce da faɗin yatsa biyu, magana ta lalace, sai dai ya haƙura ya ɗauki shuɗiya ko mai ruwan hoda. Zai iya cin turmin, wato wannan zagaye na wasan, amma 147 ta tafi. Ga kuma jajayen da ke cure wuri ɗaya, waɗanda sai an fasa su da farar a tsakiyar tafiya, kuma ba wanda ya san takamaimai inda za su watsu.

Joe Davis ne ya yi ta farko da hukuma ta amince da ita, a Landan a 1955. Steve Davis ya yi ta farko a gaban kyamarar talabijin a 1982, aka ba shi mota ƙirar Lada. A 1983 Cliff Thorburn ɗan Kanada ya yi ta farko a gasar duniya, a zauren Crucible da ke Sheffield, kuma jar farko da ya jefa sa'a ce kawai ta kai ta rami. Ana tsakiyar abin sai masu wasa a ɗaya teburin suka dakata suka leƙo ta gefen katangar da ta raba su. Da baƙar ƙarshe ta faɗa, Thorburn ya zube a kan gwiwoyinsa. Wasu kuma a bakin gaɓa jirginsu ya kife. Ken Doherty ya zubar da baƙar ƙarshe a wasan ƙarshe na gasar Masters a 2000, motar tsere ta kuɓuce masa. Thepchaiya Un-Nooh ɗan Tailan sau biyu hakan ta same shi cikin 'yan watanni, a 2015 da 2016.

Wanda sunansa ya fi manne wa lambar nan shi ne Ronnie O'Sullivan. A gasar duniya ta 1997, yana ɗan shekara 21, ya yi wa Mick Price 147 cikin minti 5 da daƙiƙa 8. Ka raba da bugu 36, za ka ga kowane bugu bai kai daƙiƙa tara ba, har da lokacin da alƙali ke ciro baƙa yana mayarwa. An ba shi fam 147,000, aka ƙara masa 18,000 na jeri mafi tsawo a gasar, wato maki mafi yawa da aka tara a tsayuwa ɗaya. A riƙe wannan adadi, don shi ne tushen rigimar da ta biyo baya.

Da tafiya ta yi tafiya, 'yan wasa suka ƙara gogewa, 147 ta yawaita, masu shirya gasa suka ga ba za su iya ci gaba da biyan irin wancan kuɗi ba. A gasar World Open ta 2010 a Glasgow, O'Sullivan na karawa da Mark King, ya jefa ja da baƙa na farko sai ya juya ya tambayi alƙali Jan Verhaas nawa ne ladan 147. Aka bincika aka ce babu wani lada na musamman, sai fam 4,000 na jeri mafi tsawo. Ya ci gaba har ya kai 140, saura baƙa ɗaya tal, sai ya miƙa wa King hannu zai yi tafiyarsa. Verhaas ne ya lallashe shi ya ce ya ƙarasa saboda masoyansa. Ya dawo ya maka ta a rami da ƙarfi, kamar mai huce haushi.

A 2016 kuwa ba wanda ya samu damar lallashinsa. A gasar Welsh Open a Cardiff, yana wasa da Barry Pinches, ya ji cewa ladan fam 10,000 ne. Ya bi ja da baƙa har sau 13, ya jefa ja ta 14, sai ya kai farar wajen mai ruwan hoda da gangan. Ya share teburin tas ya tashi da 146. Bayan wasa bai ɓoye ba, ya ce kuɗin sun yi arha a kan 147. Barry Hearn, wanda ke shugabantar harkar gasannin a lokacin, ya ce abin ba laifi ba ne amma abin takaici ne, kuma rashin girmama 'yan kallo ne, domin a ganinsa wajibi ne 'yan wasa su bai wa jama'a iyakar abin da suka iya.

Tun daga ranar masoya sunuka suka rabu biyu, kuma kowane ɓangare yana da abin kamawa. Masu bayan O'Sullivan suna cewa mai tikiti wasa ya saya, ba 147 ba. Ba a rubuta ta a jikin tikiti ba, ba ta cikin sharuɗɗan cin wasa. Turmi ɗaya ne ko da maki 70 ka ci shi ko da 147. Kullum ana ganin ɗan wasa yana kan hanyarta sai ya ga zuwa baƙa na da haɗari, ya ɗauki shuɗiya don ya tabbatar da turmi, kuma ba mai cewa ya ci amanar kowa. Sannan mutum sana'arsa yake yi. Abin da aka saya a hannunsa fam 147,000 yana saurayi, a dawo bayan shekara 19 a taya shi 10,000, in ya ce albarka ai ba a ce ya yi sata ba.

Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin gasa ba daga sama suke faɗowa ba. Masu sayen tikiti ne, da masu kallo a gida waɗanda saboda su gidajen talabijin da kamfanonin talla ke zuba kuɗi. Kuma ɗan kallon sunuka ba irin na filin ƙwallo ba ne da zai yi ihu ya huce. An ce ya kashe waya, ya yi shiru, ko tari ya taso masa ya danne har a gama bugu. Zauren Crucible kujerunsa ba su kai dubu ba, mutum na iya yin shekaru yana zuwa bai dace da 147 ido da ido ba. Irin wannan mutum ne ke zaune a Cardiff ranar, ya ƙirga baƙa 13 a zuciyarsa, sai aka nuna masa cewa ana iyawa amma ba za a yi ba.

Ita doka ta zaɓi inda za ta ja layi, kuma ba a kan 147 ta ja shi ba. Ba a hukunta O'Sullivan kan 146 ba. Abin da doka ta hana shi ne sallama turmi alhali makin da ya rage a tebur zai ishe ka ka kamo abokin karawarka, ko barin wasa ba a gama ba. Wannan ma shi ya taɓa yi. A gasar UK Championship ta 2006 a York, Stephen Hendry na gabansa da ci 4 da 1 a wasan da sai an kai turmi 9, O'Sullivan ya zubar da ja ɗaya, ya je ya gaisa da Hendry da alƙali, ya fice daga zauren. Aka ci shi tarar da ta haura fam 20,000, aka zabtare masa maki 900 na matsayi. Wato a idon hukuma, haƙƙin mai tikiti shi ne a buga wasan da gaske har ƙarshe. Abin da ya wuce nan kyauta ce.

Ni dai a ganina dokar ta yi daidai, amma ba ta wanke abin da ya faru a Cardiff ba. Wanda ya kauce wa baƙa don tsoron rasa turmi yana yi wa wasan hidima ne, 'yan kallo ma sun gane haka. Na Cardiff kuwa turmi ya daɗe da shiga aljihunsa. Rigimarsa da Hearn ce, a kan farashi, kuma Hearn ba shi ne ya yi asara ba. Waɗanda ba su da hannu a yanke ladan su aka hana. Da a ce ya yi 147 ɗin sannan ya fito gaban 'yan jarida ya ce kuɗin raini ne, da maganarsa ta isa inda yake so ba tare da an bi ta kan masu tikiti ba. Amma fa in za a faɗi gaskiya, an yi 147 fiye da ɗari biyu a gasannin ƙwararru, yawancinsu ba mai tuna ranar da aka yi su, ita kuwa 146 ɗin nan har gobe ana ba da labarinta. Waɗanda suka halarta sun koma gida da abin faɗa, ko da ba shi suka so ba.

Wani ƙarin bayani ga mai son sanin ƙwaƙwaf: 147 ba ita ce ƙololuwa ba a kowane hali. In abokin karawa ya yi laifi ya bar ka ba ka ganin ja sosai, alƙali zai ba ka damar ɗaukar mai launi a matsayin ja, ka bi ta da wata mai launin, duk kafin ka taɓa jajaye 15 ɗin. Ta haka lissafi na iya kaiwa 155. Jamie Burnett ya yi 148 ta wannan hanya a 2004. Saudiyya kuma ta zo da nata salon a Riyad a 2024: ƙwallon zinare mai maki 20, wadda ba a taɓa ta sai bayan an kammala 147, jimla 167, da ladan dala 500,000. Waɗansu na ganin ado ne kawai na masu kuɗi, amma ta nuna cewa masu shirya gasa sun ji ƙorafin farashin.

Fam 10,000 ɗin Cardiff ba su yi kwantai ba. Kwana huɗu bayan O'Sullivan ya ƙi su, Ding Junhui ɗan ƙasar Sin ya yi 147 a wannan gasar a karawarsa da Neil Robertson, ya kwashe su, ya haɗa da fam 2,000 na jeri mafi tsawo waɗanda da 146 ce za ta ci. O'Sullivan shi ya ɗauki kofin. A watan Agustan 2025 kuma, a Jidda, lokacin da aka sa ladan fam 147,000 ga duk wanda ya yi ta sau biyu a manyan gasannin kakar, O'Sullivan yana ɗan shekara 49 ya yi wa Chris Wakelin 147 har biyu a wasa ɗaya. A duka biyun bai kai farar wajen mai ruwan hoda ba sai da jajaye suka ƙare.