Kafin Ka Cinna Wa Filin Kiwo Wuta A Tsaunin Mambila

Jama'ar Gembu, Nguroje, Maisamari da kewaye, manoma da makiyaya, ga rani ya kawo jiki, lokacin da ake cinna wa tuddai wuta don sabuwar ciyawa ta tsiro. Ina roƙonku mu duba abin da wutar nan take ci bayan busasshiyar ciyawa.

Baƙar ƙasar da muke alfahari da ita tana da rai. A cikin cokali ɗaya nata akwai miliyoyin ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ne suke ruɓar da matattun saiwoyi, ganyaye da kashin shanu, su mayar da su abincin tsiro. Da yake tsaunin nan ya kai kimanin mita 1,600, sanyi yana sa ruɓewar ta tafi a hankali, sai sinadarin kabon, wanda ke cikin ragowar ruɓaɓɓun tsirrai, ya yi ta taruwa a ƙasa shekara da shekaru. Shi ya ba ta wannan baƙi, shi ne kuma yake riƙe mata ruwa. Abin da aka daɗe ana tarawa haka, in ya tafi ba ya dawowa a damina ɗaya.

Sai naitirojin, wato sinadarin da muke saye a buhun yuriya. Kashi 78 cikin 100 na iska shi ne, amma ciyawa ba ta iya ɗaukarsa daga can. Wasu daga cikin halittun nan ne suke kamo shi, suna zaune cikin 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar wake, gyaɗa da majimfa. Tumɓuke wake ka fasa ƙulli ɗaya: in cikinsa ja-ja ne, ana kan aiki. Iyayenmu da suke shuka majimfa a saura sun san abin da suke yi.

To, in wuta ta bi, yawancin naitirojin da ke cikin ciyawa hayaƙi yake bi. Toka tana barin wasu sinadarai, shi ya sa tsiron farko yake ruɗin ido, amma halittun ƙasa an ƙone musu abinci. Ga shanu kuma sun yi wa wuri yawa, kofato ya daddaɓe ƙasa, iska ba ta shiga, ruwan farko ya kwashe ƙasar zuwa kwari. Daga nan sai ciyawa mai tauri da shanu ba sa so ta mamaye.

Ban ce a daina kiwo ba. A raba filin kiwo, a bar wani ɓangare ya huta har ciyawa ta zuba iri. In ƙona ta zama dole, a yi ta da farkon rani tun ƙasa da sauran damshi, da yamma, kuma kada a maimaita wuri ɗaya kowace shekara. Gangaren tudu da bakin rafi kuwa, don Allah a bar su haka nan. Mai neman irin wake ko shawara ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa.