Taruwar Kalsiyam a Jijiyoyin Jinin Mama

Taruwar kalsiyam a jijiyoyin jinin mama yanayi ne da sinadarin kalsiyam ke daskarewa a bangon jijiyoyin da ke kai jini cikin nono. Ba ya sa ciwo, ba a kuma jin sa da hannu. A hoton mamogiram, wanda ake ɗauka don neman sankarar mama, ake ganin sa: fararen layuka biyu a jere kamar layin dogo. Ba ruwansa da sankara, shi ya sa likitocin hoto suka daɗe ba sa damuwa da rubuta shi a rahoto.

Kalsiyam ɗin a tsakiyar bangon jijiya yake zama, ba a cikin hanyar da kitse ke toshewa ba. Jijiyar takan yi tauri, amma jini na wucewa. Wani likita Bajamushe, Johann Mönckeberg, ya bayyana irin wannan taurin tun 1903. An fi samun sa ga mata masu yawan shekaru, masu ciwon suga ko ciwon ƙoda, da waɗanda suka haihu da yawa.

Abin da ya jawo hankali kansa shi ne zuciya. Binciken MINERVA, da aka buga a 2022, ya bi mata sama da 5,000 masu shekara 60 zuwa 79 a Kalifoniya ta Amurka. Kimanin kashi 26 cikin 100 suna da wannan alamar, kuma haɗarin bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ya fi yawa gare su da kashi 51 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba su da ita. Wannan nuni ne kawai; taurin jijiyar mama ba shi ke kawo ciwon ba.

A Sakkwato ana ɗaukar hoton a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai dai mata da yawa ba sa zuwa sai sun ji kullutu a nono. Kuma a garin da yawan haihuwa ba baƙon abu ba ne, bai dace a ɗora alƙaluman Amurka kai tsaye kan kowace mace ba. Duk da haka, wadda aka ga alamar a hotonta ya kamata a auna mata hawan jini, suga, kitsen jini da aikin ƙoda. Babu maganin da ke narkar da kalsiyam ɗin. Waɗannan cututtukan ake kula da su.