Tsayawa sau ɗaya a bakin gada: abin da dokar ECOWAS ta 2013 ta tanada

Duk direban tirelar da ya taɓa ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwan Kwatano zuwa Nijar ya san cewa haye gadar Malanbil ta Benin zuwa Gaya ta Nijar ba ya ɗaukar lokaci. A da, bakin gadar ne ke cinye kwanaki. A wannan gefe a karɓi takardu, a kwance tamfol, a buga hatimi. Ka tsallake kogin Kwara, 'yan duwan (kwastan) na can su ce a sake daga farko. Shi ya sa idan ana shawarar yadda za a gyara mashigin iyaka, gina gada ta biyu ko faɗaɗa wurin fakin manyan motoci ba sa raba gardama. Layin nan dai yana nan, wurin tsayuwarsa kawai aka sauya.

Hanyar da ECOWAS ta zaɓa ita ce ofishin iyaka na haɗin gwiwa, kuma shugabannin ƙungiyar sun amince da dokarsa a Abuja a watan Yulin 2013. Maimakon ofisoshi biyu a gaɓa biyu, sai a gina haraba guda inda jami'an kwastan da na shige da fice da na lafiya na ƙasashen biyu za su zauna tare. Mota ta tsaya sau ɗaya. Jami'an ƙasar da ake fita su fara nasu binciken, suna gamawa na ƙasar da ake shiga su karɓa.

Wurin da aikin yake da wuya shi ne batun iko. Harabar tana kan ƙasar ɗaya daga cikin maƙwabtan biyu, kuma a ƙa'ida jami'i ba shi da hurumin karɓar haraji ko riƙe kaya da zarar ya taka ƙasar wasu. Dokar ta warware wannan: a cikin harabar, jami'in da ya zo daga ƙetare yana aiki da dokokin iyaka na ƙasarsa tamkar yana gida. A ganina wannan tanadi ya fi ginin kansa daraja, domin in babu shi, ofisoshi biyun nan ne kawai aka rufa wa kwano ɗaya.

Kada kuma ɗan kasuwa ya ɗauka an yafe masa wani abu. Harajin kwastan yana nan yadda yake, kayan da aka haramta shigo da su suna nan a haramce. 'Yancin shiga ƙasar ECOWAS ba biza har kwana 90 kuwa daga yarjejeniyar 1979 ya fito, ba daga wannan doka ba.

An gwada tsarin a Seme-Krake, tsakanin Najeriya da Benin, inda shugabannin ƙasashen biyu na lokacin, Buhari da Talon, suka buɗe harabar a Oktoban 2018 da tallafin Tarayyar Turai. A Mfum kuma, kan iyakar Najeriya da Kamaru, an haɗa biyun: sabuwar gada mai tsawon mita 408 a kan kogin Kuros Riba da ofishin haɗin gwiwa, aka ƙaddamar da su a Nuwamban 2022.

Abin da ke damuna shi ne dokar ba ta da ƙarfin hana gwamnati rufe ƙofa. Ba a cika shekara da buɗe Seme ba Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a Agustan 2019, sai Disamban 2020 aka sake buɗewa. Malanbil ma tana da irin wannan haraba, amma bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023 aka toshe gadar. Benin ta buɗe nata gefen a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata a rufe, daga bisani ta fice daga ECOWAS baki ɗaya a Janairun 2025. Fatake da matafiya suka koma kwale-kwale, suna haye ruwa da buhunansu ga gadar nan suna kallo.