Malamin Bida mai mata 86: amsoshin tambayoyin da ake ta yi a Maradi

Labarin dattijon nan ya sake yawo a wayoyin mutane, samari a fada ana shan shayi ana gardama, wasu na cewa ƙarya ce wasu na cewa ai waliyyi ne. Ga abin da aka fi tambaya.

Wai da gaske ne an yi mutumin?

Da gaske ne. Sunansa Muhammadu Bello Abubakar, an fi saninsa da Bello Masaba, mutumin Bida ne a ƙasar Nufe, jihar Neja ta Najeriya ba ƙasarmu Nijar ba. A 2008 BBC ta yi hira da shi yana da shekara 84, mata 86, 'ya'ya aƙalla 170. Ya rasu a Janairun 2017, lokacin nan 'yan jarida na cewa matan da ya aura sun haura 100.

To ta yaya ya tara mata haka, kuɗi gare shi?

Ba attajiri ba ne irin alhazan kasuwarmu, malami ne mai ba da taimako, kuma da yawa cikin matan neman waraka ya kai su gidansa, wata ciwo ya dame ta iyaye suka kai ta, ta samu sauƙi sai maganar aure ta biyo baya. Shi kuma cewa yake ba ya zuwa neman mace, Allah ke kawo masa su. Wasunsu ma manyan 'ya'yansa sun girme su. Abin da ya fi tada mini hankali wallahi shi ne rahoton cewa ba ya barin iyalinsa da mabiyansa su sha maganin asibiti, har yana cewa bai yarda akwai zazzaɓin cizon sauro ba. Mu da muka san yadda palu ke kwantar da yara a Maradi duk damina, ku duba gida mai yara sama da ɗari a ce babu zuwa likita.

Mi ya kafa hujja da shi?

Cewa ya yi Alƙur'ani bai ambaci horo ba ga wanda ya wuce huɗu, kuma shi Allah Ya ba shi wani ƙarfi na daban, har yana gargaɗin sauran maza kada su kwaikwaye shi. Wannan magana ba ta tsaya ba a wajen malamai. Aya ta 3 a Suratun Nisa'i ta ce biyu-biyu, uku-uku, huɗu-huɗu, in kuna tsoron rashin adalci to ɗaya. Ga kuma hadisin Gailan ɗan Salama Basaƙife da ya musulunta da mata goma, Annabi (SAW) ya ce ya riƙe huɗu ya rabu da saura. Wuce huɗu keɓantaccen hukunci ne na Annabi (SAW), kuma mazhabobin nan huɗu har da Malikiyya da muke bi duk bakinsu ɗaya a kan haka. Duk wanda ya ce shi an ɗauke masa wannan iyaka ta mafarki ko ta wani sirri, to ya ɗora kansa a matsayin da ba nasa ba.

Hukuma ba ta yi komai ba?

Ta yi. A 2008 ɗin Jama'atu Nasril Islam, babbar ƙungiyar Musulmi ta Najeriya, ta fito ta yi tir da shi, Etsu Nupe, wato sarkin Nufawa na Bida, Alhaji Yahaya Abubakar ya ba shi wa'adi ya saki 82 ya bar huɗu, aka kama shi aka kai kotun shari'a a Minna aka tsare, matansa suka fito zanga-zanga a sako masu miji, daga baya babbar kotun tarayya a Abuja ta ce a sake shi. Ya koma Bida bai saki matan ba har ya rasu.

Tunda matan sun ce sun yarda, ina ruwanmu da cikin gidan mutum?

Wanga tambaya ita ta fi nauyi. Gaskiya ne Musulunci ya hana bin diddigin sirrin mutane, kuma ni ba zan yarda a riƙa ƙirƙiro masa abin da ba a tabbatar ba don ya rasu. Amma aure ba sirri ba ne, da waliyyi da shaidu da sadaki ake ɗaura shi, gado da nasabar 'ya'ya na rataye a kansa. Sannan yardar nan a dube ta da kyau, yarinya ce da ta zo ba lafiya, ta ɗauka ranta na hannun malam, iyayenta na tsoron bakinsa, ya ce mata Allah ne Ya ce ya aure ta, ina za ta samu bakin cewa a'a? In ta ƙi ma gida za a ce ta jawo masu fushin malam. Kuma shi ba ɓoyewa ya yi ba, a bainar jama'a ya ce addini ya halatta masa, daga nan kuwa magana ta zama ta kowane Musulmi.

Mu a Nijar ai ba mu da irin haka ko?

Muna da danginsa, wahaya, wadda ake ce wa mace ta biyar, musamman yankin Tawa wajen Ƙonni da Madawa. Mutum na da huɗu sai ya sayi yarinya ya ce baiwa ce ba mata ba, ba sadaki ba ɗaurin aure, ga aikin gida duk a kanta. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a matsayin wahaya a 1996, ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta na cikin waɗanda suka tsaya mata, a Oktoban 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta, ta kuma umarci gwamnatin ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Dokar ƙasa ta mayar da bauta laifi tun 2003.

In mace ta gane ita ce ta biyar, ya za ta yi?

Auren ɓatacce ne a Malikiyya, raba shi ake yi, ba sai mijin ya ga dama ba. Ta fara da waliyyinta, su je wajen malamin da aka sani da fiƙihu wanda ba almajirin mijin ba, in ya ƙi su wuce gun sarki ko kotu. Maganar 'ya'ya da sadaki alƙali ke duba ta gwargwadon yadda aka yi auren da abin da kowa ya sani lokacin ɗaura shi.