Motar Da Ke Amsa Totur Kuma Ta Kai Yara Makaranta: Amsoshi Ga Direbobinmu Na Legas

Tambayoyin nan samarinmu ne ke yi mini su, a Agege, a Idi-Araba, a Obalende, har a ƙofar masallaci bayan an sauko Juma'a. Mutum ya samu 'yan kuɗi, ya gaji da Corolla, yana son motar da in ya taka za ta zabura, amma kuma ita ce za ta kai shi aiki ta kwaso cefane. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na rubuta. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Wai akwai motar da ta haɗa ƙarfi da hidimar yau da kullum?

Akwai. Ƙofa huɗu, but mai ɗaukar buhun shinkafa, inji mai ƙarfin doki 200 zuwa 300. Ba sabon abu ba ne, tun 1976 Volkswagen ta fito da Golf GTI, ƙaramar motar iyali mai zafin inji.

Gudun kilomita nawa take yi?

Haba ƙanena! A ina za ka yi gudun? Gadar Third Mainland tsawonta kilomita 11.8 ne, kuma da safe daga Oworonshoki zuwa Adeniji Adele rabin tafiyar ƙafarka a kan birki take. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta ƙayyade wa motar gida kilomita 100 a awa a babbar hanya. Lambar 260 da ke jikin agogon mota ba ta da wani amfani a gare ka. Daɗin mota a garin nan yana wajen tashi daga tsaye, da wuce tirela cikin natsuwa a hanyar Ibadan, da sitiyarin da ke bin hannunka, da birkin da zai kama lokacin da danfo, bas ɗin haya na Legas, ya tsaya a gabanka babu sigina. Waɗannan za ka gwada ranar saye.

Manuwal ko otomatik?

Otomatik. Na san manuwal ta fi daɗi a hanyar da babu kowa, kuma Honda Civic Si da giyar hannu kawai ake yin ta. Amma ka taka kuloci daga Mile 2 zuwa Oshodi da yamma na mako guda, gwiwarka ta hagu za ta ba ka amsa.

Mustang ko Charger mai silinda takwas fa?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin mai wannan tambaya ta amsa kanta, domin irin waɗannan motoci suna shan mai sosai. In kana da wata motar ta zuwa aiki, bismillah. In ita kaɗai ce, a'a. Mustang ma ƙofa biyu gare ta, ina za ka sa Hajiya in ta zo daga gida?

To, Golf GTI ko Lexus IS 350? Ko in ce, turbo na Jamus ko silinda shida na Japan?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ni da amsa guda da za ta dace da kowa. Ya danganta da unguwarka, da makanikenka, da irin haƙurinka.

Mu fara da GTI. Injinta lita 2 ne mai turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, waɗanda aka fi shigowa da su ƙarfinsu doki 200 zuwa 230. Ba ta da nauyi, tana shiga lungu, ajiye ta a Island ba wuya, kuma in ka kwantar da kujerun baya tana ɗaukar kayan da za su ba ka mamaki. A wajen daɗin tuƙi zalla, a ra'ayina ita ce gaba. Mai ma ba ta sha kamar silinda shida, in dai ba kullum kake danne totur ba.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Giyarta ta otomatik, wadda ake kira DSG, ba irin otomatik ɗin Toyota ba ce. A cikinta kuloci biyu ne da kwamfuta ke sarrafawa, kuma abin da ta fi ƙi shi ne a yi ta jan ciki a go-sulo, a ɗan saki birki a ɗan taka, awa biyu cur. Kulocin yana ɗaukar zafi. Wadda ke da giya shida tana buƙatar a canza mata man giya duk kilomita 60,000, da nata man na musamman, ba wanda aka ɗebo a galan a bakin titi ba. Yawancin waɗanda suka zagi motar nan ba su taɓa canza shi ba. Famfon ruwan injinta kuma sananne ne wajen ɗigo. Sannan fetur: injin turbo ya fi son mai mai ƙarfi, mu kuwa a mafi yawan gidajen mai fetur iri ɗaya ne, babu zaɓi. Motar za ta yi tafiya, kwamfutarta za ta rage wa inji zafi don ta kare shi, amma kada ka kuskura ka bari wani ya taɓa mata kwamfuta wai a ƙara mata ƙarfi alhali wannan man take sha. Wannan neman lalata inji ne da gangan.

Ita kuwa IS 350, ta shekarun 2006 zuwa 2013, injinta lita 3.5 ne, silinda shida, doki 306, babu turbo, giyarta otomatik ce ta gargajiya wadda go-sulo bai cika damunta ba. Injin ɗan gida ɗaya ne da na Camry V6 da Highlander da RX 350 da suka cika Legas, don haka kanikawa ba baƙonsu ba ne, a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, ma ba za ka sha yawo sosai ba. Na ce ɗan gida ɗaya, ban ce iri ɗaya ba: yadda take fesa mai ya bambanta da na Camry, kayan wannan ɓangaren suna da tsada, kada dillali ya ce maka komai nata na Camry ne. Aibinta a fili yake. Tana shan mai a cunkoso. Kujerar baya a matse take, dogon mutum ba zai gode maka ba. Kuma yawancinsu tayoyin baya ke turawa, in aka yi ruwa kwalta ta yi santsi ka danna mata a kwana, bayanta zai iya juyawa. Wanda bai saba ba ya bi a hankali har hannunsa ya faɗa.

A kula da wani tarko: za a nuna maka IS 250 a ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ƙarfinta doki 204 ne, kuma injinta na tara baƙin datti a bakin bawul saboda mai ba ya bi ta wurin ya wanke shi. IS 350 tana fesa mai ta hanya biyu, shi ya sa wannan matsala ba ta cika kama ta ba.

To wacce? In hanyarka ta kullum Ikorodu Road ce ko Agege zuwa Island, kuma makanikenka na Toyota ne, ɗauki IS 350. In tafiyarka gajera ce, kana fita kafin cunkoso, kana da makaniken da ya ƙware a motocin Jamus kuma yana da kwamfutar duba su, GTI za ta faranta maka fiye da Lexus. In iyalinka sun kai mutum biyar, bar su duka ka nemi Camry V6 mai doki 268 ko Accord V6. Ba su da daɗin kwana kamar waɗancan, amma a miƙaƙƙiyar hanya ba za su ba ka kunya ba. Wanda kuma zuciyarsa ta kafe sai BMW, tsohuwar 328i marar turbo ta fi 335i ta shekarun farko kwanciyar hankali, domin famfon man 335i ɗin ya wahalar da mutane har a Amurka.

Ina zaune a Lekki, ruwa fa?

Nan ne nake jin tsoro a madadinka. Irin motocin nan a ƙasa suke, tsakanin cikin GTI da kwalta kusan santimita 13 ne kacal. In inji ya shaƙi ruwa ta inda yake shaƙar iska, ruwa ba ya matsuwa, sai ƙarafan cikin inji su lanƙwashe, sai sabon inji. Ruwa ya kai rabin taya, juya. Mota ta mutu a cikin ruwa, kada ka sake murza makulli, nemi a ja ta. In layinku na cika duk damina, daga Afrilu har Oktoba, gaskiya wannan ba motarka ba ce, nemi mai tsayi.

Zan sa mata manyan wili da siririn taya.

Kada ka sa. Rami ɗaya a hanyar Apapa ya isa ya fasa tayar ya lanƙwasa wilin. Inci 17 ya ishe ka, da taya mai kauri. Kuɗin adon ka saka shi a sababbin tayoyi masu kyau, ka duba shekarar da aka yi su a jikinsu. Mota mai doki 300 a kan tayar gwanjo, wallahi ganganci ne da ran mutane.

Makanike ya ce a cire tamostat, wai ƙasarmu da zafi.

Canza makanike. Tamostat ke riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, in aka cire sai shan mai ya ƙaru. Haka masu haɗa fanka kai tsaye, da masu zuba ruwan famfo a lagireto maimakon ruwansa na musamman. Kuma ka sa ido a kan abin tace hayaƙin nan na jikin salansa da ake kira indomi, ana sace shi a gareji saboda yana da kuɗi.

Tokumbo, wato gwanjon da aka shigo da ita daga ƙasar waje, ko wadda aka yi amfani da ita a nan?

Tokumbo, amma ba da ido rufe ba. Kowace mota tana da lambar VIN mai haruffa da lambobi 17, ka karɓa ka bincika tarihinta a intanet kafin ka ba da ko sisi. Motocin da ambaliya ta cinye a Amurka, irin ta guguwar Harvey a Houston a 2017, gwanjonsu ake yi, a wanke su a turo ƙasashe irin namu. Ɗaga kafet ka shinshina, leƙa ƙarƙashin kujera ka nemi tsatsa. Wadda aka sauya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, ko kyauta ce bar ta. Takardun kwastam a tabbatar da su. In za ka kasuwar motoci ta Berger, tafi da makanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba.

'Yan'uwa za su ce almubazzaranci ne.

Kwantar da hankalinka. Mutumin da ke shafe awa uku a mota kullum, ba laifi ba ne ya so wadda zai ji daɗin zama a cikinta. In ka sauke haƙƙin gida, ba bashi ka ci ba, sayi abarka. Abin da ba zan yafe maka ba shi ne tsere a titi da yaran mutane a gefen hanya.

Nawa zan rage a hannu bayan na saya?

Kada ka zuba duk kuɗinka a farashin mota. A watan farko za ka canza baƙin mai, da man giya, da man birki, da fulogi, da ruwan lagireto, mai yiwuwa har da taya huɗu, domin ba ka san yadda mai ita na farko ya riƙe ta ba. Ga rajista, ga takardar lafiyar mota ta jihar Legas, ga inshora. Ƙaramar inshorar da doka ta wajabta naira 15,000 ce tun Janairun 2023, amma ita motar wani take gyarawa, ba taka ba. Ga irin wannan mota, a cikin danfo da keke da tirela, yi cikakkiya. In kuɗinka ba zai kai ga duk wannan ba, sauko ka sayi Camry V6 mai tsafta, ka dawo mu yi maganar Lexus baɗi.