Waiwaye: Yadda Dokar Kamun Gudaddun Bayi Ta Harzuƙa Arewacin Amurka

Tsarin mulkin Amurka na 1787 ya tanadi cewa bawan da ya tsere zuwa wata jiha a mayar da shi ga ubangidansa. Majalisa ta yi doka a kan haka a 1793, amma jihohin Arewa, da suka fara soke bauta, suka yi ta jan ƙafa. Da Kotun Ƙoli ta ce a 1842 ba dole ne jami'an jiha su sa hannu a kamun ba, sai wasu jihohin suka hana amfani da gidajen yarinsu wajen tsare gudaddun.

Masu gonakin Kudu suka tayar da ƙayar baya, har Shugaba Millard Fillmore ya sa hannu a sabuwar doka a watan Satumban 1850. Wanda aka kama ba shi da ikon ba da shaida don kare kansa. Jami'in da ke sauraron ƙarar yana samun dala 10 idan ya miƙa mutum ga mai nemansa, dala 5 idan ya sake shi; ai ka ga inda hukunci zai karkata. Wanda ya ɓoye bawa kuwa, tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida. Abin mamaki, 'yan Kudun da ke yawan kare ikon jihohi su ne suka nemi gwamnatin tarayya ta murƙushe na Arewa.

Nan dokar ta ci kanta, domin ta kawo bautar har ƙofar gidan mutanen da a da suke cewa ba ruwansu. A 1851 baƙaƙen fata suka kutsa kotu a Boston suka ƙwace wani gudadden bawa, Shadrach Minkins, ya kai Kanada. A shekarar, a Christiana ta jihar Pennsylvania, aka kashe Edward Gorsuch da ya biyo bayinsa daga Maryland.

Kamun Anthony Burns a 1854 shi ne ya fi tayar da hankali. Sai da sojoji suka yi masa rakiya a titunan Boston zuwa jirgin ruwan da zai mayar da shi Virginia, dubban mutane na yi musu ihu. Wata guda bayan haka William Lloyd Garrison, ɗan gwagwarmayar soke bauta, ya ƙona kwafin tsarin mulki a bainar jama'a. Burns kuwa, magoya baya suka tara dala 1,300 suka fanshe shi a 1855. Ba a soke dokar ba sai 1864, ana tsakiyar yaƙin basasa.